Kwakwar Kazija

Mwanza, 2 ga Agusta, 1993

Zuwa ga Yaya Pandu, mahayin kwakwa na Uzimbani,

Gaisuwa irin ta zumunci, da fatan takardar nan ta same ka a ƙasa, ba a saman bishiya ba. Yaya matarka Bi Tatu da ciwon gwiwarta? Yaya yara? Mu nan lafiya lau, sai hawan jinin maigida, Mzee Masanja, wanda ke tashi duk ranar da na hana shi gishiri. Ka gaida Malam Jecha da yake karanta maka yana rubuta maka, Allah ya ba shi ladan haƙuri da kai.

Albishirinka. 'Yata Mboja ta sauka, an sami namiji, kuma da hannuna na karɓe shi a asibitin da nake aikin ungozoma. Jibgege ne, ya ɗebo hancin kakansa kaf, Allah ya kyauta.

Ga dalilin takardata. Maigida ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya rantse a watan Disamba sai ya kwashe mu duka mun je tsibirinmu na Unguja hutu. Jikokina ba su taɓa ganin teku ba. Wannan tafkin namu mara gishiri suke kira teku, abin har kunya yake ba ni. Ya ce in tambaye ka wane bakin teku ya fi dacewa, inda yashi yake da laushi, ruwa ba zurfi, kuma akwai ɗakin haya da ba zai yanke mana wuya ba. Yana so mu taɓa wuri biyu ko uku. Ka zaɓa mana, tunda kai ne ɗan gari.

Amma wuri ɗaya ba sai ka zaɓa ba. Cibiyar jaririn ta faɗi, na naɗe ta a zanen kanga na adana. Ina so in binne ta a gindin kwakwata, wadda mahaifiyata ta dasa a kan tawa cibiyar a bakin ruwan Uzimbani, in dasa masa tasa a gefe. Ina 'yar shekara tara na bar garin, amma har yau in na rufe ido ina ganin yadda ta karkata wajen teku. Kai ka riƙe mini ita duk shekarun nan, ban manta ba.

Af, kwalbar man kwakwar da ka saba aiko mini kowace shekara ba ta iso ba bana. Tsufa ne ya hana ka hawa, ko Bi Tatu ce ta soya kifi da shi? Kakanka da kakata ciki ɗaya suka fito, don haka dole ka shanye tsiyata.

Taubashiyarka,
Kazija

*

Uzimbani, 25 ga Agusta

Ƙanwata Kazija, sarkin baki,

Takardarki ta iso, Malam Jecha ya karanta mini, na kuma sa ya maimaita. Barka da arziki, Allah ya raya, ya sa mai jin ƙai ne. Gwiwar Bi Tatu tana nan yadda kika sani, tana lafawa da rana ta tashi da asuba. Ki ce wa Mzee Masanja ya ci gishirinsa, wanda ya iya zama da ke gishiri ba zai kashe shi ba.

Maganar bakin teku kuwa, kin tambayi mai shi. Ku fara da Nungwi, can arewa. Ruwan wurin ba ya janyewa da nisa, kowane lokaci yara za su yi wanka, kuma mijinki zai ga yadda ake sassaƙa jirgin ruwa, ya san ba na ƙasa kaɗai Allah ya yi ba. Daga nan ku gangara Bwejuu. Yashin can kamar garin shinkafa yake, in ruwa ya janye yaro zai yi ta tafiya bai jiƙa gwiwa ba. In kuna son kifi mai arha ku tsaya Chwaka da hantsi, lokacin da masunta ke dawowa. Akwai wata 'yar'uwar Bi Tatu a can, za ta dafa muku shinkafa da madarar kwakwa har ku manta hanyar Mwanza.

Uzimbani kam ba wurin hutu ba ne bana. Mata sun cika bakin ruwa da turaku da igiyoyin noman ciyawar teku, yaro zai soke ƙafa. Ga sauro. Hanyar ma ta lalace tun ruwan bara.

Kwakwarki tana tsaye. Ki bar cibiyar yaron a kanga tukuna, ba ta ruɓewa. Man bana bai samu ba, ki yi haƙuri.

Yayanki,
Pandu

Ni Malam Jecha mai riƙe da alƙalami ina ƙara nawa, da izinin Bi Kazija. Hanya ba ta lalace har yadda ake faɗa ba, kuma gida gida ne. Mai garinmu Sheha da dattawan gari za su yi murna ƙwarai da ganinki, sun daɗe suna tambayar labarinki.

*

Mwanza, 14 ga Satumba

Yaya Pandu,

Muna lafiya, jariri yana tsotso kamar an aiko shi. Ina fatan kuna lafiya.

Na karanta takardarka sau uku. Ka yi mini kirarin Nungwi, ka yi na Bwejuu, har tukunyar Chwaka ka ɗora mini a wuta, amma da aka zo kan garinmu sai sauro. Yaushe sauro ya fara hana ɗan Uzimbani zuwa Uzimbani? Mu nan sauronmu sai ka ɗauka fara ce. Turakun ciyawa kuma ai ba a gindin kwakwata aka kafa su ba. Kai ka ce hanya ta lalace, mai rubuta maka ya ce ba ta lalace ba, a takarda ɗaya. Wa zan gaskata?

Ban so in faɗi wannan ba, amma ba na iya kwana da magana. Wata mai kawo mana kanga daga Unguja ta ce ta ji ana gina otal a wajenku, an ja katanga tun daga wajen tsohon masallaci har bakin ruwa. Ni na san abin da ke tsakanin tsohon masallaci da bakin ruwa. Me ya sa ba ka ambata ba? Mutumin da ya tuna ya gaya mini lokacin da masunta ke dawowa Chwaka, ya manta da katanga a ƙofar gidansa?

Ka ce kwakwata tana tsaye. A tsaye a hannun wa? Shekara da shekaru kana aiko da mai, bana shiru, kuma bana ne aka ja katanga. Ruwa ba ya tsami banza, Yaya. Maigida ya ce in bi a hankali, zato zunubi ne. Na ce masa to a rubuta mini zunubin.

Ina so ka amsa mini abu ɗaya, ba da zagaye-zagaye ba. Ka karɓi wani abu a kan kwakwata ko ba ka karɓa ba? In matsi ne ya sa, ka faɗa, ni ma na san matsi. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne a mayar da ni yarinya, a nuna mini yashi mai laushi don in kau da kai.

Kazija

*

Uzimbani, 6 ga Oktoba

Ƙanwata,

Mun gode Allah, lafiya. Bi Tatu tana gaishe ki, duk da kwanan nan ba ta cika yi mini magana ba.

Ban karɓi komai a kan kwakwarki ba. Wanda ya hau bishiya shekara talatin ba ya sayar da ita a ƙasa. Katanga kuwa akwai ta, ban ce babu ba. Sauran maganar ba ta takarda ba ce.

Na manta ban gaya miki Matemwe ba. Wuri ne shiru, ba hayaniya, ya dace da mai hawan jini. In Disamba ta yi iskar arewa tana kaɗawa a can da daɗi. Jambiani ma ba laifi. Duk inda kuka sauka ki aiko, ni zan zo in same ku da ƙafata, in ga jikana, mu zauna mu yi magana baki da baki. Amma kada ki zo Uzimbani, kuma kada ki aiko kowa. Ki ji maganar babba ko sau ɗaya a rayuwarki. Wani abin nisan mai shi ne lafiyarsa.

Pandu

Ni Malam Jecha ina ƙarawa. Na rubuta abin da aka ce in rubuta, nawa alƙalami ne kawai. Amma raina bai so yadda ake hana mutum ganin abinsa ba. Idan tafiyar za ta yi wa Bi Kazija wuya, ai al'ada ta ba ta dama ta wakilta wani mai amana a kan bishiyarta, a shaida a gaban Sheha, kowa ya san matsayinsa. Shawara ce kawai.

*

Mwanza, 27 ga Oktoba

Pandu,

Lafiya muke. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Yanzu kuma Matemwe. In na sake rubutowa za ka tura ni Pemba, daga nan sai Maskat. Ka yarda akwai katanga bayan na kama ka, ka ce sauran maganar ba ta takarda ba ce. Wace magana ce tsakanina da kai da ta fi ƙarfin takarda, in ba wadda ake jin kunyarta ba? Matarka ma ta daina yi maka magana. Bi Tatu mace ce mai gaskiya, na san ba a banza ba.

Ka ce kada in zo, kada in aiko. Wato in zauna a Mwanza rungume da cibiyar jikana har ka gama cinikinka. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Ranar da za mu bar gari kai ka ɗauke ni a wuya ka kai ni na taɓa ganyenta, ka ce in tafi hankali kwance. Da wannan maganar na yi shekara arba'in.

Malam Jecha, tunda kai ne mai karantawa, wannan naka ne. Ban san fuskarka ba, amma sau biyu kana faɗa mini gaskiya inda ɗan'uwana ya ɓoye. Daga yau na wakilta ka a kan kwakwata. Idonka idona ne, bakinka bakina ne, har in iso. Ka karanta wannan a gaban Sheha da dattawa, kowa ya ji cewa Pandu ba shi da sauran ta cewa a kanta. Na sa hannu, maigida ma ya sa a matsayin shaida, ko da yake sai da na matsa masa.

Za mu zo Uzimbani a Disamba, da sauron da komai.

Kazija binti Faki

*

Birnin Unguja, 29 ga Oktoba

Ƙanwata Kazija,

Za ki ga rubutun ya canza. Na shigo motar kifi zuwa birni, ina zaune a bakin gidan waya, wani mai rubuta wa mutane takarda yake rubuta mini. Bai san Uzimbani ba, bai san kowa ba. Tun tuni ya kamata in yi haka, sai dai kin san ni da birni. Ban sami amsar takardata ta baya ba, ina fatan lafiya ce.

Ki saurara da kyau. Gari ya ba da filin bakin ruwa ga masu otal, da yardar kowa. Amma kin san a wajenmu ƙasa daban, bishiya daban. Duk mai kwakwa a filin an sallame shi, an sare. Saura ɗaya tak a tsakiyar fili, inda suke so su haƙa wurin wanka, wato kwakwarki. Ita ba kamar sauran ba ce, ta cibiya ce. Ba mai sa mata gatari sai mai ita ta tsaya a gaban Sheha ta ce ta yafe, ko wakilin da ta naɗa da kanta ya faɗa. Ni mai kula ne, ba wakili ba, bakina ba ya sayarwa. Sun kawo masu sara daga wani gari, da suka ji ko wace iri ce suka ajiye gatari suka tafi.

Masu otal sun yi alkawarin jawo wa gari famfo ranar da fili ya zama fili. Kin tuna kogon da mata ke sauka ɗebo ruwa? Har yau shi ne. Can gwiwar Bi Tatu ta tafi. Shi ya sa ba ta yi mini magana, shi ya sa in na shiga masallaci sahu yake yin faɗi a gefena. Ban ce ba su da gaskiya ba. Na dai ce a matsar da ramin wankan kaɗan, kuma na ga alamar masu otal sun fara gajiya, har sun zo sun auna wani gefen. In muka ƙara haƙuri za su haƙa a can, famfo kuma dole su jawo, don su ma ruwa suke sha.

In kika zo, za a tara miki gari, tsofaffin da suka yi wa mahaifiyarki wankan jego su zauna a gabanki da tulunansu. Ba za ki iya cewa a'a ba, ni ma da ni ne ba zan iya ba. Muddin kina nesa ba a tambaye ki ba, ba mai taɓa ta. Malam Jecha surukin Sheha ne. Duk abin da na faɗa a takarda, kafin tawada ta bushe ya isa gidan Sheha, abin da bai so ba kuma ba ya rubutawa. Yaya zan gaya miki wannan ta bakinsa?

Man kwakwa kuwa, mai gadi ne ya hana ni shiga in hau. Ta saman katanga nake leƙenta kullum da safe. Ta yi 'ya'ya har sun yi mata nauyi.

Ku je Nungwi, ku je Bwejuu. Zan zo in karɓi cibiyar yaron, in san yadda zan yi in kai ta gindinta. Kada ki rubuta komai game da ita zuwa Uzimbani.

Yayanki,
Pandu

*

Mwanza, 11 ga Nuwamba

Yaya Pandu, Yayana,

Takardarka ta birni ta iso yau da rana. Tawa ta riga ta tafi, sun yi saɓani a hanya. Na shiga uku.

Na aika da waya ta gidan waya zuwa ga Sheha cewa na janye wakilcin. Ban san ko za ta riga ba. Wannan takardar kuma na ba direban jirgin ƙasa, abokin maigida, ya kai Darussalam ya ba masu jirgin ruwa hannu da hannu. Duk wanda ya karanta maka, ko Malam Jecha ne, ya ji: na janye, ban yafe ba, ban ba kowa bakina ba.

Ka je ka tsaya a gindinta, Yaya. Ka ce musu ina hanya. Abin da na faɗa maka a waccan takardar, ban san da wane ido zan dube ka ba. Tun rana ban iya sa komai a bakina ba.

Kazija

*

Birnin Unguja, 30 ga Nuwamba

Ƙanwata Kazija,

Ina gaishe ki, ina gaida Mzee Masanja da Mboja da angon gida. Mu lafiya. Na sake shigowa birni wurin mai rubutun nan, har ya fara sanina.

Wayarki ta iso, takardarki ma ta iso. Amma waccan ta wakilcin ta riga su.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Jecha ya miƙe ya karanta ta a gaban kowa, da sa hannunki da na mijinki. Bai ƙara ko harafi ba, bai rage ba, har inda kika ce ba ni da ta cewa. Sheha ya tambaye shi, a matsayinsa na bakin Kazija binti Faki, ko ya yafe. Ya ce ya yafe. Na tashi zan yi magana, Sheha ya ce, “Pandu, da kunnenka ka ji. Zauna.” Na zauna. Al'adar da na fake a bayanta shekara guda ita ce ta zaunar da ni, ba ni da bakin ƙorafi.

Abu ɗaya na roƙa, aka ba ni. Na ce baƙo ba zai hau ta ba. Ni na hau na sauke 'ya'yan duka, na sassare ganyen, na sauko. Saran kam ban tsaya ba. Na tafi bayan gari, amma har can na ji faɗuwarta. An ce wajen teku ta faɗi, yadda ta karkata.

Sun fara haƙa ramin famfo. Bi Tatu ta dawo yi mini magana, jiya har da shayi mai kanumfari. Kada ki riƙe matan garin nan a zuci, kin san kogon. Ni ma kada ki ce za ki nemi gafarata, da na shigo motar kifi tun watan Agusta da ba a kai nan ba. Na ji zafin takardarki, ba zan ɓoye miki ba, amma zafin ya bi bishiyar.

A cikin 'ya'yan na ware guda mai kyau na kwantar a bayan ɗakina, ina zuba mata ruwa. In ta tsiro, ta yaron ce. Ki zo da kangar. Daga can ba a ganin teku, katanga ta tare, amma in iska ta juyo ana jin sa.

Tun farko kin ce in zaɓa muku bakin teku. Yanzu ki zaɓi duk wanda ranki yake so, har da Uzimbani. Hanya lafiya lau take, sauro ma ba shi da yawa.

Sauran 'ya'yan kwakwar kuwa, Bi Tatu ta matse, kwalba ɗaya ta fito. Na ba masu jirgin ruwa, za ta iso miki kafin ku taso. Ki yi tattalinta, babu wata bayanta.

Yayanki,
Pandu